Aljabara: Bambancin tara haruffa da ninka su, inda ɗaliban ƙaramar sakandare ke yawan tuntuɓe

Yaron da ya tashi a Yerimaram, cikin garin Potiskum na Jihar Yobe, kan iya faɗin kuɗin mudu uku na gero da ka, ba tare da ya ɗauki biro ba. Amma da zarar malami ya rubuta 3x × 2x a allo, sai lissafin ya cuɗe masa.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Lissafi darasi ne na dole a jarrabawar BECE da ake rubutawa a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, haka kuma a jarrabawar WAEC da NECO, kuma galibin fannonin jami'a na buƙatar kiredit a cikinsa. Wanda ya bar aljabara da giɓi tun farko, giɓin kan bi shi har babban aji.

Abu na farko shi ne harafi a aljabara lamba ce da ba a bayyana ba tukuna. A ce wani falke ya shiga kasuwar shanu ta Potiskum. Farashin sa ɗaya shi ne s, farashin rago ɗaya kuma r. Idan ya sayi shanu 3 da raguna 2, zai biya 3s + 2r. Idan ya ƙara shanu 4 da rago 1 a kan farashin, jimillar ta zama 7s + 3r.

A nan ake tsayawa. Ba a haɗa su a rubuta 10sr, domin farashin sa daban, na rago daban. A wajen tarawa da ɗebewa, masu harafi iri ɗaya kaɗai ake haɗawa.

Ninkawa kuwa ƙa'idarta daban ce. A ɗauki fili mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe mita x. Tsawon katangar da za ta kewaye shi x + x + x + x ne, wato 4x. Girman filin kansa kuma x × x ne, wanda ake rubutawa x². Idan x mita 15 ne, katangar mita 60 ce, filin kuma murabba'in mita 225. Wanda ya gauraya lissafin biyu, ko dai bulo ya yi masa yawa, ko ya yi asara a cinikin fili.

Wajen ninkawa ana fara ninka lambobi, sannan haruffa. Saboda haka 3x × 2x = 6x², yayin da 4a × 5b = 20ab. Ƙaramar lambar da ke saman harafi tana nuna sau nawa harafin ya fito a ninkin. A x² × x³, akwai x biyu da x uku, jimilla biyar, don haka amsar x⁵ ce, ba x⁶ ba.

Sai batun baka. Lambar da ke waje tana ninka duk abin da ke ciki. Idan uba zai bai wa 'ya'yansa uku kowa naira x na mota da naira 200 na kalaci, lissafin 3(x + 200) ne, wato 3x + 600. Wanda ya rubuta 3x + 200 ya bar yara biyu da yunwa. A kuma kula da alamar ɗebewa: 5x − 2(x − 3) yana zama 5x − 2x + 6, wato 3x + 6.

Ɗalibi na iya tantance amsarsa da kansa. A ce an taƙaita 2x(x + 3) + 4x, an samu 2x² + 10x. Sai a sanya 3 a madadin x. Tambayar ta ba da 48, amsar ma ta ba da 48. Da an haɗa su an rubuta 12x², da 108 za a samu, kuskuren ya fito fili. Gara a guji gwaji da 2, domin 2 + 2 da 2 × 2 duk 4 ne, kuskure na iya ɓuya.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga al'ummarmu. Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Da kalmomi ya yi bayaninsa, ba da alamomi ba, kuma babban sashe na littafin ya ta'allaƙa ne kan rabon gado da wasiyya.

Iyaye ma na da rawar takawa, ko da sun manta darasin. Ya isa a tambayi yaro abin da harafin ke wakilta, sannan a sa shi ya gwada amsarsa da lamba kafin ya rufe littafi.