Gawut: Ciwon Gaɓa Mai Zuwa Cikin Dare

Akwai wani ciwo da yakan faɗa wa magidanci ba sallama. Mutum ya ci tuwonsa, ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare ko gab da asuba sai zogi ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafa. Kafin gari ya waye wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, fata tana sheƙi. Ko mayafi ne ya taɓa wurin sai mutum ya yi ƙara, balle a yi zancen sa takalmi ko tafiya gona. Waɗansu su ce targaɗe ne, alhali kuwa ba a yi tuntuɓe ba. Waɗansu su ce sanyin ƙashi ne. Waɗansu kuma su ce ai wani abu aka binne masa a hanya ya taka.

Likitoci suna kiran wannan ciwo gawut. Larabawa suna ce masa niƙris, ko kuma cutar sarakuna, domin a zamanin da masu cin nama kullum su aka fi gani da shi. Tsohon ciwo ne ƙwarai. Hifokiratis, likitan nan na ƙasar Girka, ya lura tun shekara 2,400 da suka wuce cewa ba safai yake kama mace ba sai bayan ta daina al'ada. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza wanda ya rasu a shekarar 925, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kansa. Amma sai a 1848 wani likita a Landan mai suna Alfred Garrod ya nuna cewa jinin masu wannan ciwo yana ɗauke da wani sinadari fiye da kima.

Abin da ke kawo shi

Sunan sinadarin yurik asid. Datti ne da jiki yake samarwa kullum, kowa yana da shi, babba da yaro. Mafi yawansa jiki ne da kansa yake yi, saura kuma daga abinci yake fitowa. Ƙoda ce ke tace kusan kashi biyu cikin uku ta zubar ta hanyar fitsari, hanji ya fitar da ragowar. To, a wurin yawancin masu gawut ƙodar ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, kuma sau da yawa abin gado ne. Shi ya sa za a ga mutum biyu suna cin nama kwano ɗaya, guda ya kamu, guda ko gezau.

Duk wanda ya taɓa zabga wa shayi sukari ya san abin da ke faruwa. Ruwa yana da iyakar abin da zai narkar, in aka wuce sai saura ya kwanta a gindin kofi, musamman in shayin ya huce. Haka jini yake. Idan yurik asid ya haura wajen miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya soma daskarewa cikin gaɓoɓi. Ba kuwa kamar garin sukari yake kwanciya ba, ƙananan tsinkaye yake zama masu tsini kamar allura, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya fi son wuri mai sanyi, nesa da tsakiyar jiki. Dalili ke nan da ya sa kusan rabin masu ciwon a babban yatsan ƙafa yake fara musu, kuma cikin dare. Yakan kama idon sawu, da gwiwa, da wuyan hannu, da gwiwar hannu.

Tsinkayen nan sukan yi shekaru suna taruwa mutum bai sani ba. Ran da wani abu ya zungure su, sai sojojin jini su ɗauka maƙiyi ne ya shigo, su yi musu caa. Wannan faɗa shi ne kumburi da zafin da ake ji. Abubuwan da ke zungurar su kuwa sanannu ne: cin nama mai yawa a zama ɗaya, shan giya ko burkutu, ƙishirwa mai tsanani, buguwa a gaɓa, ko wata rashin lafiya da ta kwantar da mutum.

Maza masu shekara 40 zuwa sama su ya fi kamawa, sai mata da suka manyanta. Ƙiba, da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon ƙoda duk abokan tafiyarsa ne. Akwai kuma magunguna da ke ƙara yurik asid, kamar irin maganin hawan jinin nan mai sa yawan fitsari, da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka mai suna firazinamid. Wanda ke shan irin waɗannan kada ya daina da kansa. Ya gaya wa likitan da ya rubuta masa, shi ya san abin da za a canja da abin da ba ya canjuwa.

Ranar da ya tashi

Zogin yakan kai maƙura cikin awa 12 zuwa 24. Ko ba a sha komai ba yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma babu dalilin da zai sa mutum ya sha wannan azaba. Abu na farko shi ne hutu. A kwanta, a ɗora ƙafar bisa matashi ta ɗan fi ƙirji tudu, a janye mayafi daga kanta. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a huta, a sake. Inda babu ƙanƙara, tsumma da aka tsoma a ruwan randa ma yana rage raɗaɗi. A sha ruwa sosai. In tilas ne a taka, a dogara sanda.

A nan ne jama'a suka fi yi wa kansu ɓarna. Da an ce targaɗe sai a nufi wurin maɗori, ya ja yatsan, ya murza, ya ɗaure tamau. Gaɓar da ke cike da tsinkaye ba ta bukatar murza. Haka nan tsaga, da ƙaho, da sakiya: babu ƙashin da ya goce, babu mugun jinin da za a tsotse, sai dai a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, musamman ga mai ciwon sukari wanda gyambonsa ba ya saurin warkewa. Maɗori da wanzami suna da ranarsu, amma ba a wannan ciwo ba.

Magungunan da asibiti ke bayarwa don kashe wutar iri uku ne. Akwai kolcisin, wanda daga wani tsiro ake samo shi, kuma ya fi aiki in an sha shi a ranar farko. A da akan ce a yi ta haɗiyarsa awa awa har sai gudawa ta tsinke. An bar wannan hanya, don an gano kaɗan ma yana aiki, mai yawa kuwa guba ne da ke iya kisa. Akwai magungunan kumburi irin su ibufurofen da dikilofenak. Suna aiki, amma haɗari ne ga mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya. Sai na uku, irin su firedinisolon, na 'yan kwanaki kawai. Zaɓi tsakanin ukun nan aikin ma'aikacin lafiya ne, domin sai an san lafiyar ƙoda da cikin mutum. Asfirin kuwa ba maganin wannan zogi ba ne, yana ma iya dagula lissafi. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ya ci gaba da abinsa.

Haɗin ƙwayoyin nan da 'yan talla ke ƙullawa a leda ranar kasuwa, ja da fari da rawaya, abin gudu ne. Gaskiya ne sukan kashe zogi nan take, shi ya sa suke da kasuwa. Sai dai mai saye bai san abin da ke ciki ba, wani lokaci mai sayarwar ma bai sani ba. Mai gawut da ya mai da su abincinsa yana kashe ƙodar da ita ce za ta fitar masa da dattin.

Akwai alamar da ba a jira da ita. Idan kumburin gaɓa ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, a tafi asibiti a ranar. Ƙwayar cuta takan shiga gaɓa ta yi kama da gawut sak, ita kuwa cikin 'yan kwanaki take lalata gaɓa, har takan kai ga rasa rai. Haka kuma duk wanda ciwon ya kama karo na farko ya je a duba shi. Tabbataccen gwaji shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba a madubi. Awon jini yana taimakawa, amma a lokacin da ciwon ke ci yurik asid yakan nuna daidai, don haka akan sake awon bayan mako biyu ko fiye.

Bayan zogi ya tafi

Babban yaudarar gawut ita ce tafiyarsa. Ƙafa ta saɓe, mutum ya koma gona, ya ce ya warke, wanda ya ba shi jiƙo a kwana na bakwai ya karɓi yabo. Alhali tsinkayen suna nan kwance, suna ma ƙaruwa. Yakan yi watanni, wani lokaci shekara ko fiye, sa'an nan ya dawo. Sannu a hankali tazarar tana raguwa, kwanakin ciwon suna ƙaruwa, yana tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bayan kamar shekara 10 ba magani sai ƙulluttai su fito a yatsu, da gwiwar hannu, da gefen kunne. In suka fashe wani farin abu ne ke fita kamar alli. A wannan mataki ƙashi ya fara cinyewa, manomi ya kasa riƙe fartanya, tela ya kasa taka keke. Waɗansu kuma tsakuwa ce ke fito musu a ƙoda.

Duk wannan ana iya hana shi, kuma ba kowane ciwon gaɓa ne ake iya faɗin haka a kansa ba. Tun 1966 ake amfani da wani magani mai suna alofurinol, wanda ke rage yawan yurik asid da jiki ke yi. Likita yakan ɗora mutum a kansa idan ciwon yana tashi sau biyu ko fiye a shekara, ko ƙulluttai sun fito, ko ƙoda ta taɓu. Abin da ake nema shi ne awon jini ya sauka ƙasa da miligiram 6 ya zauna can. Waɗansu ɗakunan gwaji 360 suke rubutawa, ma'auni ne kawai ya bambanta. In aka riƙe shi a nan, tsofaffin tsinkayen narkewa suke yi, har ƙulluttan su yi ta ƙanƙancewa.

Amma maganin yana da hali, wanda bai sani ba zai yi fushi da shi. Ba ya kashe zogi ko kaɗan. Ana farawa da kaɗan, yawanci miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, ana awo ana ƙarawa. A watannin farko ma yakan tayar da ciwon, don tsinkayen da suka fara narkewa suna motsi. Nan ne mutane da yawa suke cewa maganin bai karɓe su ba, su jefar. Kuskure ne. Saboda haka ne likita yakan haɗa shi da ɗan kolcisin na wata 3 zuwa 6. In ciwon ya tashi ana cikin shan alofurinol, ba a dakatawa, sai a ƙara da maganin zogi. Kuma kamar maganin hawan jini yake, kullum ne, yawanci har iyakar rai. In aka daina, cikin 'yan makonni dattin ya koma inda yake.

Abu guda ne ke sa a tsayar da shi nan take: ƙuraje ko ƙaiƙayi a jiki, ko gyambo a baki, ko zazzaɓi, musamman a watannin farko. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana da haɗari ƙwarai, sai a garzaya asibiti da kwalin maganin a hannu.

Zancen abinci

Akan tsorata mai gawut da dogon jerin abin da ba zai ci ba, har ya rasa abin sawa a baki. Gaskiyar magana, ƙaurace wa abinci kaɗai ba ya warkar da wanda ciwon ya riga ya zauna masa, sai dai yana rage yawan tashinsa. Waɗanda suka fi tayar da shi su ne kayan ciki, watau hanta da ƙoda da tumbi, da farfesunsu, sai jan nama mai yawa, da kifin gwangwani na sadin, da giya kowace iri. Lemon kwalba da sauran kayan sha masu zaƙi suna cikin sahun gaba, ko da yake mutane ba su cika zarginsu ba. Kwanakin Babbar Sallah lokaci ne na lura. Ba a ce kada a taɓa naman layya ba, amma mai gawut ya bar wa yara hanta, ya ci tsoka 'yar kaɗan, kada ya mai da soye abin tauna safe da yamma.

Wake, da gyaɗa, da alayyafo, da zogale, da kuka ba su da laifi, duk da cewa a da akan hana wake. Tuwo da fura da ƙwai ma haka. Nono da kindirmo kuwa taimako suke yi, musamman wanda aka cire wa mai. Mai ƙiba ya rage a hankali, kada ya kashe kansa da yunwa, don ramewar gaggawa ita ma tana tayar da ciwon.

Ruwa ya fi komai sauƙi, shi ne kuma aka fi mantawa. A watannin bazara, Maris da Afrilu, da lokacin noma, mai gawut ya tafi gona da gorarsa, ya sha kafin ƙishirwa ta kama shi, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari in ya yi ja alama ce ruwan bai isa ba. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa tun daga buɗa-baki har sahur. Alofurinol yawanci sau ɗaya ake sha a yini, don haka ana iya mai da shi bayan buɗa-baki ba tare da an tsallake ko kwana ɗaya ba.