Kafanchan: Darasin da Matsirga za ta koya daga masu nutson kamun ƙaguwa

A wasu ƙasashe masu gaɓar teku, nutso cikin ruwa domin kamun ƙaguwa ya zama wasan shaƙatawa da ke ciyar da 'yan kasuwa da dama. Mai nutso yakan goya tulun iska a bayansa, ya sauka ƙarƙashin ruwa, ya kamo ƙaguwa da hannu. Na'urar numfashin da ta sauƙaƙa wannan wasa, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a shekarar 1943, wato Jacques Cousteau da Emile Gagnan.

Sai dai ribar ba a jikin ƙaguwar take ba. A Jihar Oregon ta Amurka, sai mutum ya yanki lasisi kafin ya kama ƙaguwar teku, kuma a nau'in da ake kira Dungeness, maza kawai aka yarda a ɗauka, guda 12 a rana, waɗanda suka kai girman da doka ta ƙayyade. Wannan tsari ne ke hana ƙaguwar ƙarewa. Masu hayar kayan nutso, da masu koyarwa, da masu masauki da gidajen abinci, su ne ke kwasar cinikin baƙi.

Kudancin Kaduna ba shi da teku, amma yana da ruwan da ke jan baƙi. A Madakiya, kusa da Kafanchan, ruwan Matsirga yana gangarowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 30 zuwa cikin wani gurbi. Ga duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan a ranar 1 ga Janairun kowace shekara, ga kuma garin Nok, wanda ya yi suna a duniya saboda sassaƙen yumbu na zamanin da. Ita kanta Kafanchan mahaɗar layin dogo ce tun 1927, ta saba da karɓar baƙi.

Nutso kuwa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, ya nuna yadda gwanintar masunta ke cika gari da masu saye.

Abin da ya rage ga mai son zuba jari shi ne ya fara da kare rayuka. Da damina ruwan Matsirga yana ƙaruwa ƙwarai, duwatsu kuma suna santsi, saboda haka ana buƙatar masu ceto, da rigunan ruwa, da alamun gargaɗi, da lokutan da aka hana shiga. Rai guda da ya salwanta yana iya korar baƙin shekara guda.

Haka nan mai sayar da abinci ya kula: ƙaguwar rafi takan ɗauki tsutsar da ke kama huhu idan ba a dafa ta sosai ba. Cutar ta yi yawa a gabashin Nijeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Kuɗin shiga na ƙofa kuwa ya kamata jama'ar Madakiya su samu kasonsu, domin mai gida ne ke gadin abin da yake ci daga gare shi.