Kafin mu kwance makunnin wuta mai madanni biyu

A garuruwanmu na gabashin Sakkwato, daga Maikujera zuwa Rabah, Wurno da Goronyo, da wuya a shiga gidan da aka yi wa wayarin a rasa makunni mai madanni biyu a bakin ƙofar ɗaki, ɗaya na ƙwan fitila, ɗaya na fanka. Zafin bazara da ƙurar hunturu kan tsufar da shi, sai ya fara ƙara kamar ana suya, ko robarsa ta yi baƙi. Da yawanmu kan sayo sabo mu ɗaura da kanmu, tunda mai gyaran wuta ba kullum yake kusa ba.

Makunni biyu ne aka haɗa a fuska ɗaya. A bayan kowanne akwai rami mai alamar COM ko L, da wani mai alamar L1. Wayar da ke ɗauke da wuta, wadda masu wayarin ke kira layif, ita ke shiga COM, galibi kuma akan ja guntuwar waya daga nan zuwa COM na biyu. Daga L1 na farko waya ke tafiya fitila, daga na biyu ta tafi fanka. Ramin L2 kuwa, in akwai shi, na fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu ne, idan babu waya a cikinsa a tsohon makunnin, a bar shi haka. A tsohon tsari layif ja ce, wayar dawowa kuma, wato nutural, baƙa. A sabo, ruwan ƙasa da shuɗi. Sai dai launi ba abin dogaro ba ne, domin gidaje da dama da wayar da aka samu aka yi musu aiki. Akan ma tarar an sa makunni a kan nutural: fitila ta mutu, amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta.

Babban haɗarin yana cikin maganar da muka saba yi, "ai an ɗauke wuta." Ɗaukewa ba kashewa ba ce. Layin Kaduna Electric, wanda har yanzu muke ce wa NEPA, ba ya sallama kafin ya dawo, kuma ƙarfinsa bolt 230 ne, ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato. Ga janareta da yaro zai iya tayarwa a bayan gida. Ga inbata ta sola, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta layi, tana ba gida wuta ba tare da ko ƙara ba. Wanda ke tsaye ba takalmi a siminti mai damshi, watakila bayan alwala, shi ne hanya mafi sauƙi da wuta za ta bi zuwa ƙasa.

Saboda haka mu kashe babban makunnin gida ko mu zare fis mu sa a aljihu, mu kashe inbata, mu gaya wa mutanen gida kada a taɓa komai. Mu gwada tasta, wato abin gwajin wuta, a soket mai wuta tun kafin mu kashe, don mu tabbatar tana aiki, sannan mu taɓa kowace waya da ita, domin wani lokaci madannan biyu ba layi ɗaya ke ba su wuta ba. Mu ɗauki hoton bayan tsohon makunnin da wayar hannu, mu riƙa cire waya ɗaya muna mayar da ita gurbinta a sabon. A ɗaure sukuru tamau, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, a ɗan ja wayar a ji ta kama. Sakwakwan ɗauri shi ke yin zafi a hankali har ya tada gobara. Irin wannan makunni yawanci amfiya 10 yake ɗauka, bai dace da hita ko na'urar sanyaya ɗaki ba.

Idan muka buɗe muka ga rigar waya ta narke, ko wayoyi sun fi waɗanda aka ambata yawa, ko fis ya sake ƙonewa bayan gyara, aikin ya wuce namu. A bar wutar a kashe, a nemo mai gyaran da ya koyi sana'ar, zai fi kyau wanda ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, mai sa ido kan ingancin aikin lantarki a Najeriya. In kuwa wuta ta riƙe wani, kada a kama shi da hannu. A kashe ta daga tushe ko a ture shi da busasshen itace, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.