Finafinan Mummunar Makoma da Darasin Unguwar Sabo ta Ibadan

Finafinan mummunar makoma su ne waɗanda ke hasashen duniyar da ta lalace, inda masu iko ke yanke wa mutum wurin kwanansa da iyakar tafiyarsa. Masu nazarin tabon da mulkin mallaka ya bari sukan nemi sanin wanda aka killace da wanda ya shata iyakar, su kuwa masu nazari ta fuskar 'yancin mata sukan bi diddigin wanda ke da iko da jikin mace da guminta.

Fim ɗin District 9, wanda Neill Blomkamp ya fitar a 2009, ya nuna wasu halittun sararin samaniya da aka tsare a wani sansani a Johannesburg, kuma hannunka mai sanda ne ga wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Sai dai fim ɗin da ya zo sukar zalunci ya mayar da 'yan Najeriya miyagu masu cin naman halittun don neman asiri, matansu kuma karuwai, abin da ya sa ministar yaɗa labarai ta Najeriya a lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina haska shi.

Tarihin Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawan Ibadan a 1916 a zamanin Turawa, yana nuna abin da irin waɗannan finafinai ke tsallakewa. Manazarci Abner Cohen, a littafinsa na 1969, ya bayyana yadda mazauna unguwar suka mayar da keɓewar ta zama ƙarfi, suka riƙe fataucin goro da na shanu ta hannun masu gida, waɗanda ke saukar da fatake, su haɗa su da dillalai, su kuma tsaya musu a harkar bashi. Matan aure da ke kulle ma sun tara jarin kansu, domin sukan dafa abinci a cikin gida, yara su ɗauka a kai su fita talla, kuɗin kuma ya dawo hannun mai tukunya.

Saboda haka turjiya ba lallai ta zo da bindiga ko bore ba, kamar yadda sinima ta fi son nunawa. Sau da yawa tana cikin ciniki da riƙon amana. Fim ɗin da ya nuna killatattu a matsayin abin tausayi ko abin tsoro kawai, rabin labarinsu ya bayar.