Jitar Bes Mai Araha: Yadda Ake Saye, Kula da Ita da Gyara Ta a Birnin Kebbi da Argungu

Matashin da ya yi odar jitar bes daga Legas a watan Agusta yakan karɓe ta a tashar mota a Birnin Kebbi tana sumul, sautinta ras. Kafin watan Janairu ya ƙare sai ya ga bakin ƙarafan da ke jere a wuyanta sun fara kartar masa yatsu, tsirkiya tana karkarwa, maɓallin ƙara murya yana ƙarar-ƙarar idan an murɗa shi. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa an sayar masu da jabu, su jingine ta a lungun ɗaki ko su karyar da ita. Alhali mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau. Katako ne ya taso daga danshin bakin teku ya faɗo cikin hunturun Kebbi, kuma gyaran bai fi ƙarfin alanki da sukudireba ba.

Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada, har da kayan kiɗa. Don haka wanda ya tara kuɗin jita a yau ba shi da damar yin kuskure sau biyu.

Mece ce jitar bes?

Ita ce jita mai kaurin murya, wadda ke riƙe ƙasan kiɗa tare da ganga. Leo Fender ne ya fitar da samfurin Precision Bass a Amurka a 1951, sannan Jazz Bass a 1960, kuma har yau yawancin masu araha kwaikwayon waɗannan biyun ne. Tana da tsirkiya huɗu da ake ɗaurewa a kan muryoyin E, A, D da G. Tsawon tsirkiyar daga kai zuwa jaki inci 34 ne, wato kusan santimita 86, ko da yake akwai gajeru masu inci 30 da suka fi dacewa da mai ƙananan hannuwa.

Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, shi ya sa wanda ke sauraron waƙa a bakin waya yake jin murya da ganga amma bes ta ɓace masa. Sai an sa iyafis ko babbar lasifika ake gane aikinta.

A situdiyon waƙoƙin Hausa, yawanci da fiyano ko manhajar FL Studio ake buga layin bes. Jitar kanta an fi ganinta a majami'u da hannun makaɗan da ke wasa kai tsaye a taro. Amma a maƙwabciyar Kebbi, Jamhuriyar Nijar, jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida, daga ƙungiyar Tal National ta Yamai zuwa Bombino na Agadas. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma ta katin memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yawo daga waya zuwa waya.

Sabuwa ko ta hannu?

Sunayen da aka fi yarda da su a ɓangaren masu sauƙin kuɗi sun haɗa da Squier, wanda kamfanin Fender ke fitar da masu araha da shi tun 1982, da Yamaha TRBX174, da Ibanez GSR200, da Cort Action. Akwai kuma marasa suna da ake samu a kasuwar Alaba ta Legas da shafukan Jiji da Facebook. A cikin marasa sunan akwai nagari, akwai na banza, kuma hoto ba ya bambance su.

Abu na farko da mai saye zai kiyaye shi ne tambari. Idan an ga an rubuta Fender a kan jita amma kuɗinta bai kai na Squier ba, to sitika ce aka manna. Tsohuwar Yamaha ta gaskiya ta fi sabuwar jabu amfani nesa ba kusa ba.

Wanda zai saya daga nesa ya nemi mai kayan ya kira shi ta bidiyo a WhatsApp, ya jona jitar a amfilifaya, ya danna kowane gurbi a kan kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa. A saurara da iyafis. A sa shi ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza wayar a bakin soket, sannan ya nuna wuyan jitar daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda. Wuyan da ya ɗan lanƙwasa gaba yana gyaruwa. Wanda ya murɗe gefe, a bar shi. Haka kuma a tambaya ko sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, domin idan kanta ya cinye ko ta karye, kuɗin gyaran zai iya kamo kuɗin jitar. Mai kayan da ya ƙi yarda da kiran bidiyo, kada a tura masa ko sisi.

Wajen aikowa, a sassauta tsirkiyoyin kaɗan, a naɗe kan jitar da soso ko tsumma, a sa ta a kwali mai ƙarfi, kuma a roƙi direba kada ya ɗora mata buhu.

Akwai zaɓi tsakanin mai batir da marar batir. Mai batir tana amfani da batir mai bolt 9 don sarrafa sauti, kuma muddin waya tana soke a jikinta batirin yana ci ko ba a kaɗa ta. Ranar da ya mutu a tsakiyar wasa, wasu samfuran shiru suke yi gaba ɗaya. Ga mai koyo, marar batir ta fi kwanciyar hankali, kuma kowane mai gyaran rediyo zai gane haɗin wayoyinta.

Hunturu, bazara da damina

Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturun arewa yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon wuya sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafan ke fitowa suna karta. Maganinsa shi ne a rufe katakon da tef, a goge bakin kowane ƙarfe a hankali da ƙaramin magagari. An fi so a yi aikin a tsakiyar hunturu lokacin da suka gama fitowa, kuma sau ɗaya yakan wadatar.

A ajiye jita cikin jakarta idan ba a amfani da ita. Ana iya jiƙa ɗan soso a matse shi sosai, a sa a robar sabulu mai huji, a jefa cikin jakar don ya riƙe danshi. Idan fuskar wuyan baƙin katako ne marar fenti, a shafa masa ɗigo biyu ko uku na man da ake sayarwa don wannan aikin, sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada a sa man gyaɗa ko manja, suna yin ɗoyi su kama ƙura.

A watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Barin jita a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka yana sassauta gam ya lanƙwasa wuya. Wanda zai ɗauke ta zuwa Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi, ya riƙe ta a cikin mota kusa da shi.

Da damina matsalar takan juya. A garuruwan fadama irin Argungu, inda kogin Matan Fada yake, laima ce ke cin ƙarfe. A cire soson nan, a sa ƙananan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabuwar waya ko takalmi. A riƙa goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, saboda gumi ne ke fara kashe ta. Tsirkiyar da sautinta ya dushe takan ɗan farfaɗo idan an jiƙa ta cikin sifirit ta kwana, amma na ɗan lokaci ne.

Saiti da katin ATM

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80. Sandar ƙarfen cikin wuyan ce ke turje wa wannan ja, kuma tana bukatar dubawa duk lokacin da yanayi ya sauya. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, don haka yana iya zama ma'auni.

A fara da ɗaure jitar daidai da manhaja irin GuitarTuna ko Fender Tune. A danne tsirkiya mafi kauri a gurbi na farko da kuma na ƙarshe a lokaci guda, a duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na 8. Ana son ta kai kamar milimita 0.3, wato ƙasa da rabin kaurin katin. Idan katin ya shige a sake, lanƙwasar ta yi yawa, sai a ɗaure sandar zuwa dama da alanki. Idan babu rata ko kaɗan, a sassauta zuwa hagu. Kada a wuce kwatan zagaye a lokaci ɗaya. A sake ɗaure tsirkiya, a bar katakon ya zauna, a sake aunawa. Idan sandar ta ƙi juyawa, a dakata, kada a yi mata ƙarfi.

Sai tsayin tsirkiya. A ƙarfe na 12, ratar tsirkiya mai kauri ta kasance tsakanin milimita 2 zuwa 2.5, kusan katin ATM uku a haɗe. Da ƙananan sukurorin da ke kan jaki ake ɗagawa ko saukewa.

Na ƙarshe, a kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a gurbi na 12. Manhaja ta nuna harafi ɗaya a duka biyun, allurar tana tsakiya. Idan na gurbi na 12 ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, a tura shi gaba.

Abin da ya cancanci canzawa

Masu sha'awa sukan fara da sayen sabon maɗaukin sauti, wato maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke ƙarƙashin tsirkiya. Shi ne mafi tsada, kuma shi ya kamata ya zo ƙarshe. Saiti mai kyau da sabuwar tsirkiya mai awon 45 zuwa 105 sun fi canza sautin jita mai araha. Tsirkiya mai santsi ta fi mai gurzau daɗewa, sautinta kuma ya fi taushi. Irinta James Jamerson ya yi amfani da ita a faya-fayan kamfanin Motown.

Bayan tsirkiya sai soket ɗin da ake soka waya, wanda shi ne ya fi saurin lalacewa. Mai gyaran waya ko rediyo zai canza shi da dalma cikin 'yan mintuna. Maɓallin da ke ƙarar-ƙarar yawanci ƙura ce ta shige shi, sai a fesa masa maganin wanke haɗin lantarki a murɗa shi sau da yawa. Idan sai an canza, irin Precision da Jazz suna amfani da mai lamba 250k.

Sai gunjin nan da ke fita daga lasifika ko ba a taɓa jita ba. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maɗaukin sauti yana tsintar ta daga iska, haka ma hayaniyar cajar waya da inbata. Idan gunjin ya ragu da an taɓa tsirkiya, haɗin lafiya yake, kuma shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramin wayoyin, a haɗa shi da wayar ƙasa, zai rage shi. Idan ya ƙaru da an taɓa, an juya wayoyin soket ne. A samfurin Jazz, buɗe maɗaukan sauti biyun gaba ɗaya yana kashe yawancin gunjin.

Hattara da wuta

Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan amfilifaya ta samu matsala kuma babu wayar ƙasa, wutar ta hannun makaɗi za ta bi. A 1972 Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. A wuraren taron da ake jona kaya a janareto da fulogi mai ƙafa biyu, haɗarin iri ɗaya ne. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don a kashe gunji, kada a yi wasa ba takalmi a kan siminti mai laima. Duk wanda ya ji ɗan tsiri-tsiri a leɓe ko yatsa, ya kashe kayan a kira mai gyaran wuta.

Waya a madadin amfilifaya

Mai koyo ba dole ne ya sayi amfilifaya a rana ɗaya da jita ba. Ƙaramar na'ura irin Vox amPlug ana soka ta a jikin jitar kai tsaye, tana aiki da ƙananan batura biyu, a saurara da iyafis ba tare da an tashi maƙwabta ba. Wanda ke son naɗa kuma zai nemi na'urar shigar da sauti irin Behringer UM2 da wayar OTG, ya jona a wayarsa ta Android, ya buɗe BandLab. A tabbata wayar tana karɓar OTG kafin a saya, kuma a soka jitar a ramin da aka ware wa kayan kiɗa. Soka ta a ramin makirufo yana sa sautin ya fito siriri. Amfilifayar jita ta yau da kullum kuwa lasifikarta ba ta jure zurfin bes idan an ƙure murya.

Kayan aikin da ake bukata don duk wannan ba su da yawa: saitin alanki, sukudireba, ƙaramin magagari, tef da busasshen ƙyalle. Lokacin duba saiti sau biyu ne a shekara, farkon hunturu a watan Nuwamba da kuma bayan ruwa ya zauna a watan Yuni.