Wa Ke Ba Da Labarin Macen Arewacin Zamfara?

Ra'ayin rajin haƙƙin mata, wanda malaman jami'a ke kira feminizim, bai tsaya ga dokokin aure da kujerun siyasa kaɗai ba, domin akwai babban reshensa da ke nazarin abubuwan da jama'a ke saurare da kallo da karantawa don nishaɗi, wato waƙa da fim da littattafan hikaya da duk abin da ke yawo a waya. Hujjar masu wannan nazari ita ce, yarinya ba daga bakin uwarta da malamin Islamiyya kaɗai take koyon yadda ake zama mace ba, tana kuma koyo daga jarumar fim ɗin da ta kalla da dare da kuma amaryar da aka yi wa waƙa a gidan biki. Saboda haka sukan bincika wanda ya tsara labarin, da irin macen da ya saka a ciki, da wadda ya bari a waje. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, batun wadda aka bari a waje ne ya fi nauyi.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a fagen waƙa. Ibrahim Narambaɗa, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar makaɗan fada, mutumin Tubali ne, tsakanin ƙasar Isa da Shinkafi, kuma Kassu Zurmi ya yi suna wajen kiɗan 'yan tauri, wato mazajen da ke nuna ƙarfe ba ya cin jikinsu, ga kuma Musa Ɗanƙwairo a Maradun da ke maƙwabtaka. Waƙoƙin waɗannan makaɗa sun zana wa namiji siffarsa filla-filla, ko sarki mai kwarjini, ko jarumin da ba ya ja da baya, ko manomin da ya cika rumbu, sannan gidajen rediyo suka naɗe su, kaset ya yaɗa su, ɗaliban jami'a suka rubuta kundaye a kansu, har ya zama yaron da aka haifa shekaru da dama bayan rasuwar Narambaɗa yana iya jin muryarsa a wayar hannu.

Mata ma suna da nasu waƙoƙin, sai dai a cikin gida aka haife su, kuma galibi a nan suke ƙarewa. Akwai waƙar daka, wadda mata biyu ko uku ke yi a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi a matsayin kiɗa, akwai waƙar niƙa da ta reno, akwai gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali, sannan akwai amada, inda ake kifa ƙwarya a cikin ruwa ana kaɗa ta a taron suna ko biki da maza ba sa shiga. A cikin irin waɗannan waƙoƙi ne matar da kunya da al'ada suka hana ta ɗaga murya a gaban miji take sakin habaici, wato maganar da ake jefawa ba a ambaci suna ba alhali kowa ya san inda ta dosa, kan kishiya mai tsegumi ko uwar miji mai sa ido ko maigidan da cefanensa bai taka kara ya karya ba. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana cikin 'yan ƙalilan da suka fitar da amada daga tsakar gida zuwa kaset, kuma abin da ta fi nanatawa shi ne mace ta kama sana'a don kada ta zauna jiran hannun miji. Takwarorinta na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ba su sami mai naɗar muryarsu ba, ga shi kuma injin niƙa ya rage zaman turmi da dutse, lasifikar mai DJ ta maye gurbin ƙwarya a bukukuwa da dama.

Ya kamata a tuna cewa amfani da waƙa don gina tunanin mace yana da tsohon asali a daular Sakkwato, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda su jaji, wato shugabannin ayarin mata, ke haddace waƙoƙin ilimi su koma ƙauyuka su koyar.

Littafi ne ya fara bai wa mace damar yin magana da baƙin da ba su taɓa shiga gidanta ba. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin littafin hikaya na farko da mace ta wallafa da Hausa, labarin budurwa Bafulatana da ta tsaya kai da fata kan wanda take so duk da adawar danginta. Marubuciyar, haifaffiyar Kano, ta yi zaman aure na shekaru masu yawa a Gusau, kuma ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara a zaɓen 2003, lamarin da ya jawo mata suka mai zafi. Bayanta Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, inda yarinyar da aka tilasta wa auren dattijo ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, da kuma Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. An fassara wannan na biyu zuwa Ingilishi a 2012, wani kamfanin ƙasar Indiya ya buga shi.

Abin lura a cikin waɗannan littattafai shi ne, ba da hujjar Turai suke faɗa ba. Mijin da ya ƙi ciyarwa ko ya kasa adalci tsakanin matansa ana kama shi ne da laifin saɓa wa shari'ar da yake iƙirarin bi, uban da ya hana 'yarsa karatu kuma ana tuna masa cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace da namiji. Wannan ya fi kusa da tafarkin ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, fiye da na ƙungiyar mata ta WIN da ta samo asali a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982 da ra'ayin gurguzu. Wanda duk ya ce kukan matan nan shigo da shi aka yi daga waje, to bai saurari abin da ake faɗa a bakin turmi ba tun kafin a kafa makarantar boko.

Duk da haka, ba kowane littafin da mace ta rubuta ne ke ɗaukaka mace ba. Da yawa daga cikin littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga shekarun 1990, waɗanda manazarcin adabi Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, suna warware matsalar jaruma ne ta hanyar haɗa ta da attajiri mai kyau da mota, kuma muguwar labarin kusan kullum wata macen ce, kishiya mai bin bokaye ko uwar miji mai baƙar zuciya, yayin da namijin da ya haɗa rigimar ke fita da uzurin cewa asiri aka yi masa.

Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fannin hukunta laifuka, wadda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya shelanta a Oktoban 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, kuma tun daga lokacin muhawara kan nishaɗi a Arewa ta koma muhawarar tarbiyya. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, a 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a can, a 2016 kuma ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, domin rawa da waƙa irin ta Indiya da ta mamaye fina-finan Kannywood ba ta yi kama da yadda Bahaushe ke neman aure ba, kuma iyaye suna da haƙƙin damuwa da abin da 'ya'yansu ke kallo. Inda masu nazarin haƙƙin mata ke ja shi ne, hukunci da zagi sun fi sauka a kan mace, 'yar fim takan bar sana'ar da zarar ta yi aure alhali abokin aikinta namiji yana ci gaba har furfura, sannan fim ɗin da ya nuna miji yana marin matarsa a matsayin gyara ba ya tayar da ƙurar da ɗankwalin da ya zame ke tayarwa.

Yadda waɗannan kayan nishaɗi ke isa Kaura Namoda ko kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya cancanci a dube shi da kyau. A rumfar mai cajin waya, inda janareta ke ruri kuma wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta, akwai saurayi mai kwamfuta da ke tura fina-finai cikin memori, kuma matar da ke cikin kulle, wato wadda ba ta fita sai da izinin miji, takan aiki ƙanenta ko ɗanta da 'yan canji a turo mata sabon kashi na shirin Labarina mai dogon zango ko fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Ke nan abin da zai shiga ɗakinta ya bi ta hannun mai shago da ɗan aike, dukansu maza. Ɗalibai mata a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, sun fi samun 'yancin zaɓi, domin suna karanta littattafan da marubuta mata ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana biyan marubuciyar kai tsaye ba tare da ɗan kasuwar littafi ba. Amma wannan hanya tana da rauni, kamar yadda aka gani a Satumban 2021 lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka kuma rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga.

Babban giɓin kuwa yana cikin irin macen da labaran ke nunawa. Jarumar fim ɗin Kano tana zaune a falo mai kujerun alfarma, tana magana da Kananci, damuwarta ita ce wane ne cikin samari biyu zai aure ta, yayin da karin harshen yamma, wanda Zamfarci ke cikinsa, aka fi saka shi a bakin ɗan ƙauye ko mai gadi don a ba da dariya. Macen Zurmi da ta baro ƙauyensu da goyo bayan an kashe mijinta, ta tare a kangon gini ko gidan dangi a cikin gari, ko wadda ta dawo daga hannun masu garkuwa tana fuskantar kallon mutane, tana bayyana ne a labaran rediyo a matsayin adadi, ba kasafai ake ba ta suna da hali da buri a cikin hikaya ba. Mace 'yar birni mai ilimi da ke magana da sunan dukan mata ma tana iya tsallake ta, kuma wannan suka ce da matan Afirka suka daɗe suna yi wa takwarorinsu na Turai da Amurka, yanzu ga ta tsakanin Kano da Shinkafi.

Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don gajerun labaran mata ta nuna cewa ana iya rubuta irin wannan rayuwa, domin labarin da ya lashe gasar farko, Sansani na Aisha Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Sai dai shiga gasa na buƙatar iya rubutun boko da waya mai intanet, abubuwan da mata da yawa a ƙauyukan arewacin Zamfara ba su da su, musamman inda rashin tsaro ya rufe makarantu. Abin da ya fi isa gare su shi ne littattafan da ake karantawa da murya a rediyo da YouTube, da kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ta hanyarsa matar da ba ta iya rubutu ba ke tallata ƙuli-ƙuli ko turaren wuta, ta yi wa 'yar uwarta jaje, ta kuma ba da labarin abin da ya faru a garinsu daren jiya da karin harshenta na Zamfarci.