Hali Zanen Dutse: Yadda Ake Bin Sawun Sankarar Yara da Hasken Nukiliya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Yau maganarmu a kan wata cuta ce da ke kama ƙananan yara, da kuma dabarar da ma'abota ilmin ɗibbu suka ƙago domin su ga maɓoyarta a cikin jiki ba tare da sun tsaga fata ba.

A bisa kowace ƙoda, Allah cikin hikimarsa ya ɗora wata 'yar tsoka tamkar hula a kan kai, wadda likitoci ke kira adirinal, ita ce kuwa ke fitar da sinadarin da ke sa gaban mutum faɗuwa, zuciyarsa ta dinga dukan uku-uku, a yayin da ya firgita. Tsakiyar wannan tsoka asalinta ɗaya ne da jijiyoyin saƙo na jiki, domin tun jariri yana cikin mahaifa daga tsatso guda suka fito. To, wani lokaci waɗansu daga cikin ƙwayoyin halittar wannan tsatso, maimakon su nuna su kama aikin da aka halicce su dominsa, sai su tsaya a kan ƙuruciyarsu suna ta hayayyafa babu ƙa'ida, har su zama ƙari. Wannan ita ce sankarar da wani likita na birnin Boston a Amurka, James Homer Wright, ya raɗa wa suna niyurobilastoma a shekarar 1910, kuma akasarin waɗanda take kamawa ba su kai shekara 5 da haihuwa ba.

Babbar mas'alar da ke gaban likita, bayan ya tabbatar da cutar, ita ce sanin ko tana nan wuri guda inda ta fara, ko kuwa ta riga ta yi hijira zuwa ƙashi da ɓargo da hanta, gama a kan wannan ne hukuncin magani yake ratayuwa: wani yaron fiɗa kaɗai ta ishe shi, wani kuwa sai an haɗa masa da magunguna masu ƙarfi na watanni da yawa. Hotunan asibiti da muka saba da su suna nuna surar abu da girmansa, amma sau da yawa ba su iya bambancewa tsakanin ƙarin da ke raye da tabon wanda magani ya riga ya kashe.

(Ɗan kiɗa)

Wajen shekarar 1980, a Jami'ar Michigan ta Amurka, wani masanin harhaɗa sinadarai mai suna Donald Wieland, tare da abokan aikinsa, ya haɗa wani sinadari da ake taƙaita sunansa da MIBG, wanda ya yi kama ƙwarai da irin sinadarin da ƙwayoyin adirinal suka saba zuƙewa su adana, sa'an nan ya liƙa masa aidin, irin wanda ke fitar da haske ɓoyayye da ido ba ya gani. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma a nan ne hikimar take: ƙwayar sankarar nan, ko da ta bar gidansu ta tafi ta tare a ƙashin cinya ko ƙoƙon kai, ba ta barin ɗabi'ar asalinta, da zarar sinadarin ya biyo jini ya iso gare ta sai ta haɗiye shi, ta haka kuwa take tona asirin kanta. Cikin kowane yara 10 masu wannan cuta, kimanin 9 ƙarinsu yana karɓar sinadarin. Sauran kuwa akan nema musu wani hoton dabam da ke bin sawun sukari.

Ga yadda aikin yake gudana. Tun kafin ranar allura akan fara bai wa yaro ɗigon aidin na yau da kullum ya sha, domin halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, mai kwaɗayin aidin ce ainun, idan aka ƙosar da ita da wanda ba ya haske, ba za ta sami gurbin ɗaukar mai hasken ba. Likita kuma zai tambayi duk maganin da yaron ke sha, har na mura, saboda waɗansunsu suna tare wa sinadarin hanya. Daga nan sai a yi allurar a jijiya sannu a hankali, a sallami yaro, washegari bayan kamar sa'a 24 a dawo da shi a kwantar ƙarƙashin wata na'ura, jikar wadda Hal Anger ya ƙago a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950. Ita wannan na'ura ba ta harba kome a jikin yaro, hasken da ke fitowa daga cikinsa take tattarawa, don haka dole ya kwanta shiru na sa'a guda ko fiye, ƙananan ma har akan ba su maganin barci.

Mai karanta hoton ya san cewa zuciya da hanta da mafitsara da wuraren da yawu ke fitowa suna ɗaukar sinadarin ko da lafiya lau suke, amma ƙashi mai lafiya ba ya ɗaukarsa ko kaɗan, saboda haka duk ɗigon da ya bayyana a kan ƙashi hujja ce mai ƙarfi. Likitocin Cibiyar Curie ta birnin Faris sun tsara wani ma'auni, inda suka kasa jiki kashi 10, kowane kashi a ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yaɗuwar cutar, jimla 30. Idan aka sake hoton bayan an sha magani aka ga makin ya faɗi, to iyaye da likita sun fita daga zato sun shiga yaƙini cewa maganin yana ci.

Watakila wata uwa da ke sauraronmu ta ji kalmar nukiliya gabanta ya faɗi. Ki kwantar da hankalinki, domin aidin mai lamba 123 da aka fi amfani da shi, rabin ƙarfinsa yana gushewa a cikin kowace sa'a 13, da yawansa kuma fitsari ke fitar da shi, shi ya sa ake son yaro ya sha ruwa sosai, mai canza masa kunzugu kuma ta wanke hannu, mai juna biyu kuwa ta sanar da likita tun da farko. Sai dai wannan gajartar rai da ta zama rahama ga yaro ita ce kuma ta zama wahala ga ƙasashen da ke nesa da inda ake sarrafa shi, gama kwalbar da ta kwana ta yini a hanya, kimanin rubu'in ƙarfinta kaɗai zai isa. Ɗan'uwansa mai lamba 131 yakan kwana 8 kafin rabin ƙarfinsa ya gushe, ya fi jure tafiya, ko da yake hotonsa bai kai na farkon fitowa tar ba, kuma idan aka ƙara yawansa shi kansa yakan zama magani mai ƙone ƙarin daga ciki. A ƙasashenmu akwai sassan likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, da kuma birnin Yamai.

Amma kafin a kai ga kowace na'ura, idon uwa ne ke fara gani. Cikin yaro da ya kumbura ya yi tauri, ko ɗingishi da ciwon ƙashi babu faɗuwa, ko baƙi-baƙi kewaye da idanu, ko rama da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, kada a yanke musu hukuncin saifa ko shawara a gida; a daure a kai yaron asibiti, gama riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)